Ki Fara Daga Ƙofar Aji, Godiya

Samaru, Zariya

Zuwa ga autata Godiya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kin sauka Lakwaja lafiya, kin sami ɗakin da aka ce an tanadar miki, kuma gajiyar hanya ta fara sakinki. Allah da ya fitar da ke daga ƙofar gidan nan ya tsare ki a kan titi da cikin gari, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin da kike gani da wanda ba ki gani. Amin.

Na cusa takardar nan tsakanin ƙullin kuka da na daddawa don na san can hannunki zai fara zuwa. Na so in faɗa miki abin da ke cikinta da baki, amma kin san halina. A gaban aji ina iya magana tun safe har a tashi, a gaban 'ya'yana kuwa ba na wuce "kin ci abinci?" Ga shi kuma tasha ba wurin doguwar magana ba ce. Saboda haka ki nemi wuri ki zauna, ki karanta a hankali. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi.

Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo na lura da fuskarki. Kin yi shekaru kina karatun labarin ƙasa a jami'a, kina zana taswira a kwamfuta, sai ga shi an ce ki je ki koyar da 'yan aji biyu da aji uku ilimin zamantakewa: gidanmu, unguwarmu, gabas da yamma, damina da rani. Yayanki Bitrus ya yi miki tsiya, ya ce duk wannan karatu a sharce majinar yara zai ƙare. Kika yi dariyar yaƙe. Ni ma da irin wannan raini na shiga aikin. Na ɗauka darasin ƙananan yara abu ne da kowa zai iya. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina riƙe da alli, a Sabon Gari da nan Samaru, kuma yawancin abin da na sani a kan kuskure na koye shi, yaran mutane kuwa su suka sha wahalar kuskuren. Zan faɗa miki su yadda suka faru. Kada ki maimaita nawa. In ya zama dole, ki yi naki sababbi.

Makarantar da aka fara tura ni tana Sabon Gari, bayan kasuwa. Aka ba ni aji uku, yara sun fi benci yawa. Hedimastanmu wani dattijo ne, Malam Iro, mai farin gemu da wani keke da na tabbata ya girme ni. Na shiga aji da ɗoki. Na zana taswirar Nijeriya a allo, na jawo Kwara ta hagu, na jawo Binuwai ta dama, na haɗa su a Lakwaja, garin da ni har yau ban taɓa taka shi ba. Cikin mako uku yara sun haddace koguna da manyan garuruwa har da nahiyoyi. In suka ɗauki amshi, masu tireda na bakin titi ma suna jin su. Ni kuwa sai hura hanci nake yi.

Wata safiya Malam Iro ya shigo ya zauna a bencin baya. Na sa yara suka zuba masa karatun tas. Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya ce, "Madalla. To, yara, wa zai nuna mini gabas?"

Duk suka nuna gefen dama na allo, inda na rubuta kalmar. Ya ce su juya su fuskanci bayan aji, ya sake tambaya. Nan aka rikice. Wasu suka nuna dama, wasu hagu, wata yarinya ta nuna sama. Alhali ga rana tana shigowa ta taga tana haska musu fuska.

Ya ce, "To, wane kogi ne ya ratsa garinmu?"

Suka haɗa baki suka ce, "Kwara da Binuwai." Yaran da kogin Kubanni ke wucewa ta bayan gidajensu ke nan.

Sai da aka fita tara ya kira ni gindin darbejiya ya ce, "Malama Saratu, kin yi ƙoƙari, amma kin ɗora jinka ba ki gina ɗaki ba. Rabin yaran nan sau biyar suke kallon gabas kowace rana, ba su dai san ita ce gabas ɗin da ke littafinki ba. Gobe ki fitar da su waje."

Na tafi gida raina a ɓace, ina cewa tsohon ya tozarta ni. Amma washegari na fitar da su fili. Muka tsaya muka kalli inda rana ta fito. Muka zana ajinmu a ƙasa da tsinke, ga ƙofa, ga taga, ga randa. Muka ƙara makaranta, muka ja hanyar kasuwa, muka ja layin dogo. Kowane yaro ya ɗauki tsakuwa ya ajiye inda gidansu yake. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka kaure da gardama a kan ko famfon unguwa kafin masallaci yake ko bayansa. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

Don haka, Godiya, ki fara daga ƙofar aji. Manhajar ma haka ta tsara, daga gida zuwa makaranta, zuwa unguwa, zuwa gari. Ni ce na tsallake shafukan farko don na raina su. Ke kuma kina da wata sa'a da ban samu ba: baƙuwa ce ke, su ne 'yan gari. Ki sa su zana miki hanyar kasuwa, ranar Asabar ki bi zanen ki ga ko zai kai ki. In kin ɓata, ki dawo Litinin ki faɗa musu kin ɓata. Za su yi miki dariya, sannan su gyara taswirar da hannunsu, kuma ba za su manta da ita ba. Ki tambaye su yadda ake kiran kogunan nan biyu a harshen gidajensu, ki rubuta sunayen a allo kusa da na littafi.

Kuskure na biyu a nan Samaru na yi shi, bayan an yi mini canjin makaranta. A lokacin na haifi Bitrus, na kuma fara ganin kaina tsohuwar hannu. Muna darasin yanayi. Littafi ya ce yanayi biyu ne a ƙasarmu, damina da rani, haka na koyar, haka na tambaya a jarrabawa. Wata yarinya mai suna Talatu, da ke takowa daga ƙauyen Bomo kowace safiya, ta rubuta mini guda huɗu: bazara, damina, kaka, hunturu. Na ja mata jan biro, na ba ta sifili. Da na raba takardu ta ce a hankali, "Malama, ai haka Babanmu ya ce." Na ce mata Babansu ba shi ne ya rubuta littafi ba. Aji ya yi dariya.

Bayan kwana biyu sai ga uban a bakin aji, da fartanya a kafaɗa, daga gona yake. Na ɗauka faɗa ya zo yi, har na shirya bakina. Ya yi sallama, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi maigida da yara, sannan ya ce, "Malama, ba ƙara na kawo ba, tambaya na zo yi, tunda ke kika yi karatu. In yanayi biyu ne, lokacin da zafi ke tsananta, hadari na haɗuwa yana watsewa, muna sharar gona muna kai taki, me sunansa? Lokacin da ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, muna girbi, shi kuma fa? In na ce da shi rani, ai na makara, tsuntsaye sun gama da ni."

Abin kunyar shi ne na san duk wannan. 'Yar manomi ce ni. Da bakina nake cewa bazara ta yi, marka ta kankama, kaka ta zo. Amma da na shiga aji sai na ajiye abin da na sani a waje kamar takalmi. Na ce masa, "Baba, kai ne da gaskiya." Ya ce, "A'a, littafin ma bai yi ƙarya ba, a gurguje dai ya faɗa." Ya sa fartanyarsa a kafaɗa ya tafi. Na gyara wa Talatu makinta a gaban kowa, na kuma ce mata ta yi haƙuri da maganar da na yi a kan mahaifinta. Wannan ce ranar farko da na ba ɗaliba haƙuri, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

In yaro ya ba ki amsar da ba ta cikin littafi, kada ki yi saurin jan biro. Ki ce, "Wa ya faɗa maka? Yaya abin yake?" Sau da yawa za ki tarar akwai kaka ko uba ko masunci a bayan amsar, wanda ya fi mai littafin sanin wurin. Ki koya musu abin da za a tambaye su a jarrabawa, wannan haƙƙinsu ne. Amma ki ce musu, ga yadda littafi ya taƙaita, ga kuma yadda mutanenku suka sani. Kada yaro ya tashi daga ajinki yana ganin iyayensa jahilai ne.

Na uku gajere ne, amma har yau yana damuna. Darasin iyali ne, a aji biyu. Na rubuta a allo cewa iyali su ne uba da uwa da 'ya'ya, na ce kowa ya zana nasa. Akwai wata yarinya, Ngozi, 'yar Inyamurai haifaffiyar Zariya, mai surutu kamar kanari. Ta zana wata tsohuwa da sanda, da kanta, da kyanwa. Na ce, "Ina uba? Ina uwa? Ba ki saurara ba. Sake." Ta sake zana abu ɗaya. Na rubuta mata "ba daidai ba". Daga ranar surutunta ya mutu. Sai bayan makonni wata malama ta faɗa mini iyayenta duka biyu sun rasu a hatsarin mota tun tana goye, kakarta ce ke riƙe da ita. Yarinya ta zana mini gaskiyarta sau biyu, ni kuma na ce ba daidai ba.

Na je gidansu na gaida tsohuwar, na manna zanen a bangon aji, sannu a hankali Ngozi ta dawo da maganarta, ko da yake ba ta ƙara sakewa da ni kamar da ba. Kafin ki koyar da darasin iyali, ki san yaranki. Ki san wa ke da uwa, wa ke hannun gwaggo, wa ke gidan da mutum ashirin ke ci daga tukunya ɗaya. Kada ki ce "zana babanka da mamanka". Ki ce "zana mutanen da kuke kwana gida ɗaya, da wanda ke ba ka abinci". Duk abin da suka zana, iyali ne.

Yanzu zan faɗa miki wanda ban taɓa faɗa wa ko ɗaya cikinku ba. A gidan nan mahaifinku kaɗai ya sani, Allah ya ji ƙansa.

Kin san kakanki, Baba, amma kin san shi ne bayan ya tsufa yana zuwa coci da sandarsa. Lokacin da nake ba ki labari bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba. Bamaguje ne, yana bin abin da ya tarar iyayensa na bi, a ƙauyenmu can gaba da Shika. Shi ne ya kai ni makaranta da ƙafarsa, lokacin da 'yan'uwansa ke cewa ɓata 'ya zai yi. Ba mu da wani harshe sai Hausa, ba mu da wani asali sai nan.

A aji uku akwai darasin ƙabilun ƙasarmu. Littafin da muke amfani da shi a lokacin ya ja layuka: ƙabila, abinci, sutura, addini. A gaban Hausawa an rubuta tuwo, babbar riga, Musulunci. Haka na kwafa a allo, ban ƙara ba, ban rage ba. Wani yaro, Sani, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ke wace ƙabila ce? Hausarki irin tamu ce, amma an ce coci kike zuwa." Ba da rashin kunya ya tambaya ba, so yake ya sani. Na ce, "Ni 'yar Nijeriya ce. Ku buɗe shafi na gaba."

A ajin akwai wata yarinya, Lami, daga ƙauye irin namu, tana zaune wurin ƙanwar uwarta a Samaru. Lokacin da Sani ke tambaya na ga ta ɗago kai tana kallona, tana jiran abin da zan ce. Da na kauce sai ta sunkuyar da kai. A wannan makon na ji yara a fili suna kiranta arniya, suna cewa ita ba ta cikin allo. Da kunnena na ji, Godiya. Na wuce kamar ban ji ba, don ina tsoron in na tsawata za a juyo da tambayar kaina.

Da kaka ta yi, Baba ya ɗauro mini sabon gero da gyaɗa a keke, ya zo har makaranta, da tsohuwar taguwarsa ta gona. Ina ganinsa ta taga na yi wuf na tare shi a bakin ƙofar makaranta. Na karɓi kayan, na ce masa muna da aiki da yawa, ya je gida ya jira ni. Ya leƙa ta bayana ya dubi azuzuwa, ya ce, "Da ma allon da kike rubutu a kai na so in gani. Amma ba komai, rana ta yi, gara in koma." Ya juya kekensa.

Akwai abokiyar aikina, Malama Hajara, wadda kika sani, mai kawo mana naman Sallah. Ta ga duk abin da ya faru. Ta ce, "Saratu, wane ne dattijon nan?" Na ce, "Wani mutumin ƙauyenmu ne." Ta dube ni ta ce, "Hancinku ɗaya. Mahaifinki ne. Ni da nawa yana da rai, ko a kan jaki ya zo sai na shigo da shi na shimfiɗa masa tabarma a ofis. Wa kike jin kunya? Mu? To mu ba mu aike ki ba."

Ranar Asabar na hau mota zuwa ƙauye. Na tarar da Baba yana gyaran rumbu. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Me kika yi? Tashi, ƙasa da sanyi." Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da shekara ta zagayo, darasin ya sake zuwa, na je na ɗauko shi da kaina. Na tsayar da shi gaban allo na ce, "Wannan mahaifina ne. Bahaushe ne, ni ma Bahaushiya ce. Akwai Hausawa Musulmi, su ne mafi yawa, akwai Kirista, akwai masu bin al'adar kakanni." Ya ba yara labarin yadda ake zaɓen wurin kafa ƙauye, da dalilin da ya sa ake ɗaga rumbu daga ƙasa. Suka hana shi tafiya da tambayoyi. Da zai fita ya shafa allon da tafin hannunsa, ya dubi farin allin da ya maƙale masa, ya yi murmushi.

Amma Lami ba ta ga wannan rana ba. Tun ƙarshen wancan zangon aka mayar da ita ƙauye, ba ta dawo ba. Na yi cigiya ban same ta ba. Ban san ko shiruna ne ya kore ta ba, ko wani dalili ne na gida. Abin da na sani shi ne ta kalle ni tana neman wanda zai ce tana cikin allo, ni kuma na ce a buɗe shafi na gaba.

Garin da kika je mahaɗa ce ta mutane iri-iri, kuma za ki koyar da wannan darasi. Kafin ki rubuta komai a kan wata ƙabila ko wani addini, ki dubi benci ki tambayi kanki ko akwai yaron da rubutun zai bari a waje. Ki bar yara su faɗi abincin gidansu da gaisuwar gidansu da bakinsu. In kin ji an kira wani da sunan ƙasƙanci, ki tsaya a nan take, ko da kina sauri, ko da ɗan gidan mai makarantar ne ya faɗa. In kuma suka tambaye ki ke wace ce, ki faɗa musu kai tsaye. Jikar Bamaguje ce ke, 'yar Zariya, Kirista, kuma babbar aminiyar uwarki Musulma ce. Babu abin ɓoyewa a ciki.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Ki koyi sunan kowane yaro a makon farko, ki kuma faɗe shi yadda uwarsa ke faɗa. Bulala ba ta taɓa koya wa kowa inda arewa take ba, na gwada. Ki girmama malaman da kika tarar ko da takardarki ta fi tasu. Ki sayi takalmi marar tsini. Ki riƙa shan ruwa, an ce garin da zafi.

Saura ɗaya, kuma ke ya shafa.

Kina shekara takwas aka sa ki a ajina. Na roƙi a canza ki, aka ce babu wuri. Sai na ƙudura a raina ba wanda zai ce Malama Saratu na fifita 'yarta. Kina ɗaga hannu ina tsallake ki. In aji ya yi surutu, da ke nake fara hukunci. Ranar da muke darasin sana'o'i na ce kowa ya faɗi aikin iyayensa. Wannan ya ce tela, wannan ya ce direba, wannan ta ce nas. Da aka zo kanki kika miƙe kika ce, "Mamata tana koyar da 'ya'yan mutane." Aji ya fashe da dariya. Na ɗauka baƙar magana kika faɗa mini, na sa ki durƙuso har aka fita tara. Ba ki yi kuka ba. Da muka koma gida kika ci abincinki, kika wanke kwano.

Gaskiya kika faɗa. Kullum ina dawowa da tulin littattafan yara, kina kawo mini naki ina cewa "anjima". A ƙarshen wannan zango na ba ku aikin zana hanyar da kuka fi sani. Ke kika zana hanyar Samaru zuwa Sabon Gari. Kika sa kasuwa, kika sa Hanwa, kika sa Kwangila, kika sa layin dogo, har da kibiya mai nuna arewa, abin da ban ma koya muku ba tukuna. Babu wanda ya kama ƙafarki a ajin. Na san haka tun kallon farko. Amma na ba wani yaro kyautar, ke kuma ban sa miki maki ba, na ce taki ta ɓata a cikin takardu. Kika ce, "To, Mama." A aji ba ki taɓa kirana Mama ba sai ranar.

Na ɗauka adalci nake yi. Ashe tsoron bakin mutane ne, na sa masa sunan adalci. Ki kiyayi wannan, autata. Wanda ya hana yaro haƙƙinsa don kada a ce ya yi son kai, shi ma zalunci ya yi. Kowane yaro a ba shi abin da ya samu, ko ɗan wane ne, ko da naki ne. In kuma Allah ya ba ki naki 'ya'yan, in sun kawo miki littafi, ki ajiye na hannunki ki duba nasu.

Taswirar ba ta ɓata ba. Tana cikin akwatina duk shekarun nan, ƙarƙashin takardun sallamata daga aiki. Ki juya bayan wasiƙar nan, ita ce na ninke a ciki. Jiya da safe na sa tabarau na bi ta daga Samaru har Sabon Gari, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Na nemo jan biro na sa miki makinki, goma bisa goma, na sa hannu. Na makara ƙwarai. Ki yafe mini.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya ba ki lafiya da haƙuri da murya, ya sa yaran su so ki, ke ma ki so su. Ya kiyaye ki a kan ruwa da kan tudu, ya dawo mana da ke lafiya lokacin hutu. Bitrus da matarsa suna gaishe ki. Malama Hajara ta ce in gaya miki tana sa ki a addu'a. In kin karanta ba sai kin ce komai ba, ki dai kira ni in ji kin ci abinci.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu